Sharhi: fadar Sermoneta da lambun Ninfa a Italiya

Ranar Asabar ni da uwargida muka hau jirgin ƙasa daga Roma zuwa tashar Latina, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Tikitin lambun tun a intanet na yanka, don ba kullum ake buɗe shi ba, kuma rukuni-rukuni ake shiga tare da ɗan jagora.

Da fadar muka fara. Sermoneta ƙaramin gari ne a kan tudu, lungunansa duk shimfiɗar dutse. Ni kuwa na je da takalmin zuwa biki mai santsin ƙasa, sau biyu uwargida tana riƙo ni, tana cewa, "Maigida, ai sai da na faɗa maka." Hasumiyar fadar mita 42 ce, dangin Annibaldi suka gina ta. A 1297 dangin Caetani suka saye garin, lokacin ɗan uwansu Boniface na VIII ke kan kujerar Fafaroma. Abin da ɗaurin gindi ya ba su, shi ya ƙwace musu: a 1499 Fafaroma Alexander na VI ya karɓe fadar, ta koma hannun 'yarsa Lucrezia Borgia, sai a 1504 Fafaroma Julius na II ya mayar wa masu ita. Abin da ya fi tsaya mini a rai dai shi ne ɗakunan kurkuku, inda fursunoni suka bar zane-zane a jikin bango. Na daɗe a tsaye har rukuninmu ya yi gaba.

Amma Ninfa ce ta biya kuɗin tafiyar. Kufai ne na wani gari da yaƙi ya rusa a ƙarshen ƙarni na 14, zazzaɓin cizon sauro ya kori waɗanda suka rage. A 1921 Gelasio Caetani ya fara dashe a cikin kangon, bai rushe komai ba. Yanzu furannin wardi sun hau bangon majami'u marasa rufi, ciki har da wadda aka naɗa Fafaroma Alexander na III a 1159. Ga kogi ya ratsa tsakiya, ruwan garau, kana hango ciyawar ƙasansa tana kaɗawa kamar ana taje gashi. Akwai wani kurmin gora da muka shiga, sanyinsa ya sa kowa ya yi shiru.

Zagayen kamar awa ɗaya ne. Ni da son samu ne da na wuni a bakin ruwan nan, sai dai na gane dalili: eka ashirin ce kacal, da an saki jama'a da tuni an tattake wurin.

Inda muka sha wuya shi ne dawowa. Mai tasin da ya ce zai zo ƙarfe biyar bai ɓullo ba sai wajen shida da rabi. Wanda zai je ya ɗauki hayar mota tun daga Roma, ya nufi watan Afrilu ko Mayu, kuma ya sa takalmi mai kama ƙasa.