Tsutsa mai rai ko matacciya: wacce ya kamata ka sa a ƙugiya?

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka ta jiya. Ka ce ka fara zuwa fatsa wani tafkin biyan kuɗi a wajen Birmingham ta Ingila, ƙasansa duk laka, kifayen da suka fi yawa su ne waɗanda Turawa ke kira kaf (carp) da birim (bream). Mutumin da ke zaune kusa da kai yana ɗebo matacciyar tsutsa daga cikin robar ruwa yana ta fito da manya, kai kuwa da taka mai rai sai 'yan ƙanana. Shi ne kake son sanin ko matacciyar ta fi.

A wannan tafkin naka ta fi, ba ko tantama. Da a kogin Trent ko Severn ka ce kake zama, da akasin haka zan gaya maka. Tsutsar ɗaya ce, ta babban ƙudan nan shuɗi, wadda shagunan kayan fatsa ke aunawa da fayint, wato ɗan sama da rabin lita. Abin da ya raba su motsi ne kawai, kuma motsin nan wani wuri aiki yake maka, wani wuri ɓarna.

Mu fara da laka, don ita ce damuwarka. Tsutsa mai rai ba ta son haske, da ta taɓa ƙasa mai laushi sai ta fara nutsewa. Ka watsa hannu guda, kafin birim ya iso rabinta ta shige inda ba ya gani. In ma ya ji ƙanshinta, sai ya kafa kai yana tono, ruwa ya gurɓace, kumfa ta yi ta tashi, jikinsa ya riƙa gogar zarenka, kai ka ɗauka cizo ne ka fizga a banza, ko ƙugiya ta kama shi a gefen ciki. Matacciya inda ta faɗa nan take kwana. Ba ta da nauyi, tana kwanciya a saman laka ko ciyawar ruwa, ja ko fara, kifi na ganinta daga nesa. Wanda zai jira birim ko kifin tenci (tench) na awa biyu a wuri ɗaya, wannan kaɗai ya ishe shi dalili.

Sai maganar garin kiran kifi, wanda ake jiƙawa a cura kamar fura a jefa. Ka cusa tsutsa mai rai a cikin curin, tana mutsu-mutsu za ta tsattsage shi, wani lokaci tun yana iska ya tarwatse, abinci ya zube a wurin da ba nan ƙugiyarka take ba. Da matacciya kana iya cika curin dam, ya tafi a dunƙule, sai ya kai ƙasa ya buɗe. Haka ma fida (feeder), wato ɗan abin da ake ɗaura wa zare ya kai abinci ƙasa kusa da ƙugiya, mai faɗin nan da ake manna wa gari a jiki a binne ƙugiya a ciki: in tsutsar da ke ƙugiyar mai rai ce, tana iya ture garin kafin lokaci.

Batun ƙananan kifi kuma, kada a yi maka daɗin baki. Matacciya tana rage fitinarsu, ba ta hana su. Kifayen roci (roach) da ƙananan faci (perch) motsi ne ke fara jawo su, don haka abin da ke kwance shiru yakan ɗan daɗe kafin su far masa. Abin da ke kore su na gaskiya shi ne girman loma. Ka jera matattu shida zuwa takwas a ƙugiya lamba 12 ko 14 (ƙaramar lamba ita ce babbar ƙugiya), bakin ƙaramin kifi ba zai ɗauka ba, kaf kuwa zuƙa ɗaya zai yi mata. Ina kyautata zaton abin da maƙwabcin naka ke yi ke nan, kuma in ka lura za ka ga da la'asar yake komawa daf da gaɓa, ruwan da bai wuce gwiwa ba. Kaf ɗin irin waɗannan tafkuna sun saba masu fatsa na juye ragowar abinci a bakin ruwa in za su tashi, shi ya sa suke matsowa da yamma. Gari mai laima da matacciyar tsutsa suna riƙe kawunan kifin a ƙasa, ba sa tasowa sama suna rububi.

Akwai wani ƙaramin abu da ba a cika faɗa ba. Tsutsa mai rai in ta daɗe a ƙugiya tana iya lanƙwasowa ta rufe tsinin, ka ja ka ji wayam. Matacciya ba ta wannan.

To ina mai rai ta fi? A ruwa mai gudu. A kogi ba shimfiɗa abinci kake yi a ƙasa ba, so kake kifi ya jeru a layi yana cafke abin da ruwa ke kawowa. Kana harba goma ko goma sha biyu da danƙo duk jifa, ka saki fulot, wato ɗan abin da ke yawo a saman ruwa yana nuna maka cizo, ya bi su, ƙugiya lamba 18 ko 16 da tsutsa ɗaya ko biyu. Roci da kifin cab (chub) haka ake tara su, kuma wutsil-wutsil ɗin tsutsar na cikin abin da ke sa su cafka ba tunani. Faci ma mafarauci ne, da ido yake kamu, abin da ba ya motsi bai cika burge shi ba. Ƙasan kogi kuma galibi tsakuwa ce, babu lakar da za a nutse a ciki.

Sannan akwai fida mai murfi da ƙananan huji. Ita gaba ɗaya an ƙera ta ne a kan cewa tsutsa za ta rarrafo ta fito da kanta, kaɗan-kaɗan. Ka cika ta da matacciya, yadda ka jefa haka za ka jawo ta a cike. Matacciya fida mai buɗaɗɗen baki take so, a toshe gefe da gefe da gari.

Da hunturu tazarar tana raguwa. Ruwa in ya yi sanyi ƙwarai, mai ran ma kusan sandarewa take, ba ta da ƙarfin tona laka, kifi kuma ba ya cin da yawa. A lokacin ni ba na wahalar da kaina da kashewa, ɗaya a ƙugiya lamba 20 ta wadatar. Ba dole ba ne kuma ka zaɓi ɓangare guda. Da yawa suna shimfiɗa matacciya a ƙasa su sa mai rai a ƙugiya, don ta zama ita kaɗai ke motsi a cikin tarin. Rana in ta ƙi, gwada wannan kafin ka sauya wuri.

Yanzu yadda ake kashe ta, don nan ne mutane ke ɓata kaya. Da farko ka tace ta a rariya, garin masara ko dusar da aka sayar maka da ita ya fita. Hanya mafi sauƙi ita ce firiza: ka zuba a leda, ka matse iskar tas, ka ɗaure, ka bar ta kwana biyu. Kada ka yi gaggawa, tsutsa na da taurin rai, wadda ta yi 'yan awoyi kawai tana iya farfaɗowa a bakin ruwa. Wadda aka toshe wa iska a leda ba tare da firiza ba ma suma take yi, da ta sha iska sai ta tashi. In kana sauri, ruwan zafi: ka fara zuba mata ruwan sanyi ya rufe ta, sannan ka riƙa ƙara mai zafi kaɗan-kaɗan kana juyawa har ta daina motsi, nan take ka tsane ka mayar da ita ruwan sanyi. In ka kwara tafasasshe kai tsaye za ta dahu, ta miƙe ta yi tauri, launin ya koɗe. Ni na fi son ta firiza, ta fi laushi kuma jan ya fi zama.

Ko ta wace hanya ka bi, a bakin tafki ka bar ta cikin ruwa. Robar ruwan da ka gani wurin maƙwabcinka ba ado ba ce. Matacciya in ta sha iska tana baƙi, ta bushe, ta koma yawo a saman ruwa, agwagi su samu na kalaci. Wadda kuma ta mutu don kanta, an manta ta a but ɗin mota rana ta dafa ta har tana wari mai hawa kai, wannan ba ita muke magana ba, zubar da ita.

Ta fuskar aljihu matacciya ta yi gaba. Mai rai ko a firji mako ɗaya zuwa biyu ne ta fara rikiɗa ta zama ƙwanso, alhali ragowar kowace fita kana iya ƙulle ta a firiza ta jira ka wata da watanni. Sai dai ka nemi izinin uwargida tukuna, ka sa a roba mai murfi ka rubuta a jiki, don ledar jar tsutsa kusa da naman miya ba ƙaramar rigima ba ce.

In kana son gwada mai rai a kogi ka ga bambancin da idonka, ka tuna a Ingila ana rufe irin wannan fatsa a koguna daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, yawancin tafkuna da kanal (hanyoyin ruwan da aka haƙa) ne kawai ke buɗe duk shekara. Lasisin fatsa na hukumar kula da muhalli, Environment Agency, wajibi ne ga duk wanda ya kai shekara 13, tarar rashinsa tana kai wa fam 2,500. Kifin tafki kuma mayarwa ake yi, ba a tafiya da shi gida sai da rubutaccen izinin mai wurin.

Ranar Asabar ka tafi da fayint biyu na ja matacciya da rabin fayint mai rai. Ka fara tambayar mai tafkin ko ya yarda da gari, don wasu sun ƙayyade yawansa. Da safe ka nemi birim a nesa da fida, uku a ƙugiya lamba 16. Wajen ƙarfe uku ka zuba gari da tsutsa a gefen gaɓa, ka ƙyale wurin, kada ka sa ƙugiya sai ka ga wutsiya ta ɓullo ko ruwan ya fara juyawa.