Zuwa biyu ofishin rajistar haihuwa a Maradi: abin da na tarar

Sau biyu buƙata ta kai ni wani ofishin rajistar haihuwa da ke ɗaya daga cikin gundumomi uku na birnin Maradi, kuma ko da yake ginin bai canza ba, yawancin ma'aikatan ma su ne dai na da, aikin da aka yi mini a zuwa na biyu bai yi kama da na farko ba ko kaɗan.

Zuwan farko ya kasance a ƙarshen shekarar 2023, lokacin da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli ya sa aka rufe iyaka, aka kuma katse wutar da ke zuwa mana daga Najeriya. Ɗiyata za ta zauna jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare, makaranta ta nemi kwafin takardar haihuwarta. Sai da na yi sawu biyar, kowane sawu da kuɗin kabu-kabu, kafin takardar ta fito, kuma da ta fito an bar harafi ɗaya a sunana. Duk wanda ya san yadda ake rubuta sunayenmu da ƙa'idar Faransanci ya san cewa bambancin Ousman da Ousmane na iya bin yaro har ranar da zai karɓi sakamakonsa.

Ban manta da matar da ke bayan teburin ba. Manyan littattafan rajista suna jibge a ƙasa an ɗaure su da igiya, ƙurar hunturu ta lulluɓe su, fanka a tsaye, ita kuma tana juya shafi ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta ɗago kai ba. Da na ɗaga murya, sai ta ce: "Malam, ka yi haƙuri. Wannan alƙalamin da kuɗina na saye shi, kuma wata na uku ke nan ba a ba mu haƙƙinmu ba." Na fita ina jin haushi, amma na kasa ganin laifinta ita kaɗai, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A bana na koma domin yi wa jaririnmu rajista. Dokar shekarar 2019 ta ba da wa'adin kwana 60 a bayyana haihuwa, kuma wanda ya bari wa'adin ya wuce sai ya nemi hukuncin kotu kafin a ba shi takarda, saboda haka na je da shirin yin zarya. Ban yi ba. Na tarar an jera littattafan a kan kanta shekara-shekara, an rubuta takardun da ake buƙata a jikin allo da Faransanci da Hausa, wani saurayi yana raba lamba a bakin ƙofa. Matar nan ce dai ta karɓe ni, ta karanta mini sunan yaron da babbar murya, ta sa na duba kowane harafi kafin ta rufe littafin. Kwana biyu tsakani na karɓi takardar, ba kuskure, ba wanda ya nemi ko dala a hannuna.

Na tambaye ta abin da ya faru. Ta ce an biya su wani kaso na bashin da suke bi, kuɗin wata kuma ya fara zuwa a kan lokaci. Sannan ta ƙara da abin da ya fi tsaya mini a rai: sabon shugaban sashen yana rigan kowa zuwa, ya san yawan takardun da kowane ma'aikaci ya kammala a mako, yana faɗin sunan wanda ya yi ƙoƙari a gaban ƴan uwansa, kuma da aka samu damar horo a kan kwamfuta, waɗanda suke riƙe da aikin ya tura, ba waɗanda suke da uwa a gindin murhu ba.

A ganina nan ne asalin maganar take. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya daɗe a kan sefa 30,047 kafin a ɗaga shi zuwa 42,000 a shekarar 2024, kuma da yawa daga cikin masu zama a tagogin ofisoshinmu ƴan kwantaragi ne ko masu bautar ƙasa, waɗanda ba su da tabbacin gobe. Mutumin da hankalinsa ke kan farashin tiyar hatsi da kuɗin haya ba zai iya tattara shi a kan rajistar wani ba. Sai dai biyan albashi yana kawo ma'aikaci wurin aiki ne kawai. Abin da ke sa ya sake duba suna sau biyu shi ne sanin cewa akwai mai lura, kuma ƙoƙarinsa ba zai tafi a banza ba. A aikin gwamnati, inda ƙarin girma ya fi bin yawan shekaru, mai himma da malalaci sukan tashi da lada ɗaya, kuma idan shugaba bai bambanta su ba, sannu a hankali mai himmar ne ke saki.

Akwai sauran gyara, kuma bai kamata yabo ya rufe shi ba. Har yanzu babu rumfa wadatacciya, mata masu goyo suna tsayuwa cikin rana, taga ɗaya ce ke aiki bayan sallar Azahar, kuma ƴan tsakani ba su daina shawagi a bakin ƙofa suna yi wa mutanen karkara alkawarin gaggauta abin da ba ya buƙatarsu ba. Ina kuma fargabar cewa gyaran ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya, wanda takardar canjin wurin aiki za ta iya ɗauke shi gobe.

Duk da haka ina ba da shawarar a je, a je da kai ba ta hannun kowa ba. A sammaka tun da safe, a guji ranar Juma'a da ake tashi da wuri, a riƙe takardar da aka bayar a gidan haihuwa tare da katin shaidar iyaye, kuma kada a bar tagar sai an karanta sunan yaro da na mahaifansa harafi bayan harafi.