Ta hannun dillali ko kai tsaye: wane aikin wucin gadi za a karɓa a Abuja?

Wani ɗan'uwa mazaunin Mararaba ya tambaya a zaure. An yi masa tayin aiki biyu, duka na wucin gadi. Na farko ta hannun dillali, wato kamfanin da ke ɗaukar ma'aikata yana tura su banki a Wuse, kwantiragin shekara guda. Na biyu wata ƙungiya mai zaman kanta ce a Garki take neman mai shigar da bayanai a kwamfuta na wata huɗu, ita da kanta za ta ɗauke shi. Wanne ya fi?

Malam, fara duba sunan wa ke saman takardar ɗaukarka. In ta hannun dillali ne, banki ba shi ne ubangidanka ba, ko da kullum kana zaune a kantarsa. Dillali ne ke biyanka, shi ke sallamarka, kuma takardar shaidar aiki da sunansa za ta fito. Manajan da ya ga ƙwazonka sau da yawa ba shi da ikon ƙara maka ko kobo. A aikin kai tsaye kuwa, wanda ke kallon aikinka shi ne zai rubuta maka shaida, kuma in gurbi ya buɗe a cikin gida kai za ka riga na waje ji. A ganinmu nan ne babbar ribar aikin wucin gadi take: a san ka, a san hannunka.

Dillali ma yana da nasa. Shekara guda albashi na shigowa ba wasa ba ne ga mai iyali, kuma dillali na gari kan tura ka wani wurin in wannan ya ƙare. Sai dai ka nemi ganin lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin a tura ka, ka yi gaba abinka. Ka tambayi abin da zai shiga asusunka bayan yanke-yanke, ba jimlar da ke kan takarda ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce wanda ya ɗauke ka aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashinka, kai a cire maka kashi 8, a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Inda ake cutar mutane shi ne a cire kashi 8 ɗin a ƙi turawa, don haka ka riƙa duba asusunka na fansho duk wata.

Ƙungiyoyi kan ɗauki mai wata huɗu a matsayin ɗan kwangila, ba ma'aikaci ba. Sau da yawa babu fansho, babu inshorar lafiya, a cire haraji kawai. Biya kuma yakan dogara da takardar awowin aiki. In shugabanka ya yi tafiya bai sa hannu ba, kuɗinka ya makale har ya dawo. Tun makon farko ka san ranar da ake rufe karɓar takardar da wanda ke sa hannu in shugaban ba ya nan.

Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika, amma kada ka jira, ka karɓa kafin ka fara. Sanarwar sallama kwana ɗaya ce ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, sai in takardarka ta ba da fiye da haka. Hutun shekara na kwana shida sai an cika wata 12 ana aiki, wato mai wata huɗu bai kai ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka kafa a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

Ko wanne ka ɗauka, latti ne ke fara kayar da ɗan wucin gadi, kuma ka san cunkoson hanyar Nyanya zuwa AYA da safe. Ka lissafa kuɗin mota na wata ka cire daga albashin kafin ka kwatanta. Ka ajiye littafi kana rubuta abin da ka kammala duk mako, da adadinsa, domin shi za ka zuba a takardar neman aiki na gaba. Takardar shaida kuma ka nema tun saura mako biyu ka gama, lokacin da ake ganinka kullum.

In gida na jiran albashinka kuma lasisin dillali ya tabbata, karɓi na banki. In kuwa za ka iya jure wata ɗaya ko biyu babu aiki bayan an gama, kuma harkar bayanai kake son bi, mu dai aikin Garki za mu ce ka ɗauka, bayan ka tambaye su ko kuɗin shirin da suke gudanarwa ya wuce wata huɗun.