Man linsid a kan bencin madaci: yadda ya jure ranar Sakkwato

Duk mai kujerun katako a tsakar gida a Sakkwato ya san halin banis. Zai yi ƙyalli na ɗan lokaci, bazara na kamawa, zafi ya haura digiri 40 a watan Afrilu, sai ya fara ɓarewa kamar bawon albasa. Shi ya sa na bi shawarar wani kafinta a Mabera, na sayi gwangwanin dafaffen man linsid, wato wani mai da ake shafa wa katako, na shafa wa bencinmu na madaci da teburin shayi.

Banis a saman katako yake kwanciya, shi kuwa man linsid ratsa shi yake yi, don haka babu abin da zai ɓare. Wahalar tana wajen shiri: sai an kankare tsohon banis ɗin tas da sanfefa, an kakkaɓe garin, in ba haka ba man ba zai shiga ba. Da na zuba shafin farko, katakon da ya yi fari fat saboda rana ya shanye shi nan take, jan madacin ya dawo, har zanen jijiyoyin itacen ya fito. Gaskiya abin ya faranta mini rai, don bencin nan na mahaifinmu ne.

Kafintan ya ja mini kunne: "Alhaji, kada ka bar shi ya kwanta. Bayan minti 20 ka goge ragowar da tsumma." Gaskiyarsa, man da bai shiga ba danƙo yake zama, ya kama riga, ya kama ƙura. Saboda ƙurar ma, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa a Oktoba, kafin hunturu ya sauka. A yi shi a inuwa, a bar kowane shafi ya kwana ya bushe kafin a ƙara.

Bencin ya wuce hunturu da bazara ba tsagewa, ruwan farkon damina kuma dunƙulewa yake a kansa. Amma teburin da rana ke bugawa kai tsaye ya koɗe da wuri, yana son ƙari, kuma launin yana ɗan duhu da lokaci. Wanda ke son ƙyalli irin na kujerun falo ba zai samu a nan ba.

Abu biyu nake roƙon mai saye ya riƙe. Man ba maganin gara ba ne. Ƙafafun benci suna buƙatar maganin katako daban, a kuma ɗora su kan bulo ko siminti. Sannan tsumman da ya jiƙe da linsid yana iya kamawa da wuta da kansa idan an dunƙule shi an jefar a lungu. A shanya shi a fili ya bushe, ko a tsoma shi cikin bokitin ruwa, nesa da yara da kicin.