Littafin Wells da fim ɗin Independence Day: ina suka haɗu, ina suka rabu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko fim ɗin Independence Day daga littafin H.G. Wells, The War of the Worlds, aka ɗebo shi, ko kuwa kama ce kawai. Ba littafin aka mayar fim ba. Amma in ka jera su za ka ga gida ɗaya suka fito, sai dai kowa da inda ya sa gaba.

Labarin Wells ya fara fitowa kashi-kashi a mujallar Pearson's a 1897, ya zama littafi a 1898. Halittun duniyar Mars suka faɗo cikin wata ƙatuwar gangar ƙarfe a filin Horsell Common, kusa da garin Woking a kudancin Ingila. Jama'a suka taru kallo. Sai ga wuta mai ƙone duk abin da aka haska da ita, sai injuna masu ƙafa uku da suka ɗara gidaje tsawo, sai baƙin hayaƙi mai guba. Mutanen Landan suka fashe, kowa ya yi ta kansa. Wannan sawun Roland Emmerich, daraktan Independence Day, ya bi a 1996: baƙi daga wata duniya sun iso, mutane sun saki baki suna kallon sama, makaman soja sun zama banza, White House, fadar shugaban Amurka, ta tarwatse. Har bam ɗin nukiliyar da aka harba bai yi wa baƙin komai ba, kuma fim ɗin 1953 da aka yi daga littafin ya riga shi nuna haka.

Inda suka raba hanya shi ne wa ya ci yaƙin. A wurin Wells babu jarumi. Mai ba da labarin ko suna ba shi da shi, gudu yake yi, har ya shafe kwanaki a ɓoye cikin rusasshen gida yana leƙen yadda baƙin ke zuƙe jinin mutane. Jirgin ruwan yaƙi, Thunder Child, ya yi ta maza, ya kayar da injunan da ya iya, shi ma ya halaka. Daga ƙarshe ƙwayoyin cuta ne suka kashe baƙin, don jikinsu bai san su ba. Ɗan Adam bai tsinana komai ba. A fim ɗin kuwa, masanin kwamfuta ne ya saka wa uwar jiragensu cutar kwamfuta, shugaban Amurka da kansa ya hau jirgin yaƙi, aka tashi ana tafi ranar 4 ga Yuli.

A ganina nan fim ɗin ya zubar da abin da ya fi daraja. Wells na rubutu ne don mutanen Ingila, masu mulkin ƙasashe bila adadin, yana so su ɗanɗana yadda ake ji idan mai ƙarfi ya sauka a ƙofarka da makamin da ba ka san kansa ba. Tun a babin farko ya tuna musu yadda Turawa suka kusan ƙarar da mutanen Tasmaniya, tsibirin da ke kudu da Ostareliya, ya nuna ba su da bakin yi wa halittun Mars ƙorafi. Shekara biyar bayan fitowar littafin, a 1903, sojojin Ingila suka ci Kano da Sakkwato da igwa da bindigar Maxim, don haka mu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Emmerich ya ɗauki tsoron, ya ajiye zargin.

Jikokin littafin ba su tsaya nan ba. A ranar 30 ga Oktoba, 1938, ɗan wasan Amurka Orson Welles ya mayar da shi wasan rediyo cikin sigar labarai da ɗumi-ɗuminsu, ya kai harin jihar New Jersey, wasu suka ɗauka da gaske ne, ko da yake jaridu sun zuzuta firgicin. Littattafan John Christopher na shekarun 1960 sun gaji injunan nan masu ƙafa uku. Robert Goddard, wanda ya harba rokar farko mai aiki da mai na ruwa a 1926, ya karanta Wells yana saurayi.

In fim kake so wanda ya fi kusa da littafin, nemi na Steven Spielberg na 2005. Tom Cruise a can uba ne mai gudu da 'ya'yansa, injunan na tafiya da ƙafa uku, kuma cuta ce ta gama da baƙin.