Allon kabarin soja a wurin masu walda na Marwa: na fenti ko na sassaƙa?

Iyalan sojojin da suka kwanta dama a fagen daga, a garuruwa irin su Kolofata da Fotokol na arewacin Kamaru, sukan je wurin masu walda a birnin Marwa a yi musu allon suna na kabari. Iri biyu ake yi. Na fenti ya fi araha, amma zafin watan Afrilu da ruwan damina ɗaya sun isa su kankare rubutun, musamman in ba a fara shafa jan fentin hana tsatsa ba. Na sassaƙa ya fi tsada, kuma shi ne abin saye, domin ko fenti ya tashi, harafin na nan.

A nemi farantin ƙarfe mai kaurin milimita 2. Wanda bai kai haka ba lanƙwashewa yake yi. Ƙafar allon ta shiga ƙasa kamar santimita 40, a zuba mata siminti, in ba haka ba awaki su ture ta.

Inda masu walda suke yawan tafka kuskure shi ne rubutu. Muƙamin soja da Faransanci yake, mai walda kuwa da ka yake rubutawa. A kai masa kwafin takardar mutuwa, ya fara zanawa da alli, a duba suna da kwanan wata kafin ya taɓa ƙarfen.