Kemo Ko Mayar da Ƙwayoyin Kansa Su Zama Tsoka: Amsa ga Hajiya

Hajiya, Allah Ya ba yaron nan lafiya. Kin ce an tabbatar ɗan ƙanwarki mai shekara shida yana da kansar tsoka a kwarmin ido, har an sa ranar fara kemo, sai kika ji wai a Amurka an gano yadda ake sa ƙwayoyin kansar su rikiɗe su zama tsoka. Kina tambaya wanne ya fi, kuma ko a ɗan jinkirta a nemi sabon. Labarin da kika ji gaskiya ne, amma don Allah kada a ɗaga ranar nan. Ga yadda hanyoyin biyu suke in an jera su.

Sunan ciwon rabdomayosakoma, kuma yara ya fi kamawa. Tun jariri yana ciki akwai ƙwayoyin halittar jiki da aka tanada don su zama tsoka. Suna ta rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har lokaci ya yi su tsaya, su miƙe, su manne da juna su zama dogon zare mai motsi. Daga nan sun daina haihuwa ke nan. A wannan ciwo ƙwayoyin sun kama hanya ne suka maƙale a tsakiya, ba su zama tsoka ba, ba su kuma bar hayayyafa ba. Abin da ke ba ni mamaki har gobe shi ne sinadarin MyoD, mai ba da umarnin zama tsoka, yana nan a cikinsu. Tun 1987 Harold Weintraub da abokan aikinsa suka nuna cewa shi kaɗai yana iya juya ƙwayar da ba ruwanta da tsoka ta koma tsoka. Umarnin yana nan, wani abu ne ya toshe masa hanya.

Kemo kisa yake yi. Yawanci magunguna uku ake haɗawa, waɗanda likitoci ke taƙaita sunansu da VAC, a yi watanni ana sa su ta jijiya, a haɗa da tiyata ko gasa ƙarin da hasken na'ura. Duk ƙwayar da ke saurin rabuwa yake bi, shi ya sa za ki wayi gari ki ga gashin yaro a kan matashin kai, bakinsa ya yi gyambo, jininsa ya yi ƙasa. Akwai wahala, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai an shafe fiye da shekara 50 ana gwada shi a kan dubban yara. Inda ake samun cikakken magani, kusan bakwai cikin goma na waɗanda ciwon bai bazu ba suna warkewa, na kwarmin ido ma sun fi haka, tara cikin goma. In ya bazu zuwa huhu ko ɓargo kuwa, bai kai uku cikin goma ba. Ga hatsarin jinkiri nan.

Sabuwar hanyar ba ta kashe ƙwayar, cire mata abin da ya tare ta take yi ta ƙarasa girma. A 2023, a cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor da ke jihar New York, tawagar Christopher Vakoc ta yi amfani da fasahar CRISPR tana kashe ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya don ganin wanne ke riƙe da ciwon. Da suka dakatar da wani furotin mai suna NF-Y, sai ƙwayoyin kansar suka daina rabuwa, suka miƙe, suka fara ƙera furotin ɗin da tsoka ke motsi da shi. Amma a faranti ne a ɗakin gwaje-gwaje, kuma lafiyayyun ƙwayoyin jiki su ma suna buƙatar NF-Y, don haka ba abu ne da za a rufe a jikin yaro kai tsaye ba. Kafin nan, a 2018, an nuna maganin trametinib yana sa wani nau'in ciwon ya fara komawa tsoka, ya rage ƙari a jikin ɓeraye, amma shi kaɗai bai kawar da shi ba.

Ni ina da kyakkyawan zato ga wannan hanya, domin ta taɓa yin aiki. Akwai kansar jini da ake kira APL, wadda a da take kashe mutum cikin makonni. A shekarun 1980 likita Wang Zhenyi a Shanghai ya fara ba marasa lafiya ATRA, ɗan'uwan bitamin A, sai fararen ƙwayoyin jinin da suka maƙale suka ƙarasa girma. Yau, in an haɗa shi da maganin da ake yi da sinadarin asenik, sama da kashi 90 cikin 100 na warkewa. Sauƙin da aka samu a can shi ne makullin ɗaya ne, kuma an dace da mabuɗinsa. Kansar tsoka nau'i-nau'i ce, kowanne da abin da ya toshe shi.

Ranar da za ku koma asibiti, ƙanwarki ta tambayi likita wane nau'i ne, ko za a iya gwajin FOXO1 da ke nuna mai tsananin, da ko an duba huhu da ɓargo. Kada a tsallake zagaye ko ɗaya don an ga kumburin ya sauka. In kuma zazzaɓi ya kama shi yana cikin kemo, ko da tsakar dare ne, a tafi asibiti, kada a jira gari ya waye.